Ma'anar "Showband": Kalmar Da Ke Mayar Da Dattawan Ireland Zauren Rawa

A tsakiyar Castleblayney, wani ɗan ƙaramin gari da ke gundumar Monaghan a ƙasar Ireland, akwai mutum-mutumin wani ƙaton mutum. Sunansa Tom McBride, amma Big Tom kowa ke ce masa saboda girman jiki. Mawaƙi ne, manomi kuma. Ya rasu a watan Afrilun 2018, shekarar ba ta ƙare ba sai da mutanen garinsu suka kafa masa wannan abin tunawa. Garin nan duka-duka mutanensa ba su wuce 4,000 ba. In ka tsayar da wata dattijuwa a bakin titi ka tambaye ta ko wane ne wannan, cikin amsar da za ta ba ka ba za ka rasa jin kalma ɗaya ba: showband.

Kalmomin Turanci biyu aka haɗa. Ta farko na nufin wasan da ake yi don a burge mai kallo, ta biyu kuma ƙungiyar makaɗa. Wato makaɗan da ba kunne kaɗai suke yi wa aiki ba, har da ido. Sai dai a Ireland kalmar ta fi haka nauyi, domin ta zama sunan wani zamani guda. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, showband na nufin samari bakwai ko takwas cikin kwat iri ɗaya mai ɗaukar ido, ga mai ganga, ga masu jita, ga masu busa uku irin na badujala, ga mawaƙi a gaba. Kusan kullum suna kan hanya cikin ƙaramar bas, yau wannan gari gobe wancan, suna yi wa jama'a kiɗan rawa.

Wanda ya ɗauka showband wani salon kiɗa ne, kamar yadda ake cewa jaz ko rege, ya yi kuskure. Sana'a ce. A dare ɗaya ƙungiya guda za ta yi kiɗan Amurka mai zafi da matasa ke so, ta sauko ta yi mai sanyi na masu aure, ta juya ta yi waƙoƙin makiyayan Amurka, ta taɓa na gargajiyar Ireland, wani daga cikinsu ya fito ya kwaikwayi muryar wani fitaccen mawaƙi a yi dariya. Yawancin waƙoƙin ba nasu ba ne. Abin da ake yayi a rediyo a makon nan, shi za su kawo maka garinku da ransa.

Kafin su, makaɗan rawa a zaune suke. Kowa da kujerarsa, ga takardar kiɗa a gabansa, kai a sunkuye, baƙar kwat kamar masu zaman makoki. Ƙungiyar da aka fi danganta wa sauyin ita ce Clipper Carlton ta garin Strabane a gundumar Tyrone. A farkon shekarun 1950 suka ture kujeru gefe suka miƙe tsaye, suka sa tufafi masu launi, suna busa suna taka rawa, suna barkwanci. Ana ba da labarin yadda masu rawa kan dakata su yi cincirindo a gaban dandamali suna kallo kawai. Shi ke nan, kowa ya kwaikwaya. Kafin tsakiyar shekarun 1960 ƙungiyoyi irin wannan sun kai ɗaruruwa a tsibirin.

Ba za a gane dalilin da ya sa abin ya kama kamar wutar daji ba sai an san halin da karkarar Ireland ke ciki a lokacin. Ƙasa ce ta talauci da ƙaura. A shekarun 1950 mutane sama da 400,000 suka bar ta, galibinsu zuwa Ingila neman aikin gini da na jinya. Ƙidayar 1961 ta nuna mutum miliyan 2.8 kacal suka rage a Jamhuriyar Ireland, wato ɓangaren tsibirin da ba ya ƙarƙashin Birtaniya. Wutar lantarki ma sai daga 1946 aka fara jan ta zuwa ƙauyuka. Ga kuma cocin Katolika da ke sa ido a kan komai, musamman haɗuwar saurayi da budurwa. A ranar farko ta shekarar 1934, a garin Mohill na gundumar Leitrim, dubban mutane suka yi maci ƙarƙashin jagorancin wani fada mai suna Peter Conefrey suna la'antar kiɗan jaz. Shekara ɗaya bayan haka, a 1935, aka yi dokar da ta ce ba a shirya rawar jama'a sai da lasisi. Dokar ta raunana tsohuwar al'adar rawa a gidaje da mararrabar hanya, ta tura kowa zuwa zaure mai ƙofa da kuɗin shiga. Da yawan zaurukan farko ma na coci ne, fada ke karɓar kuɗin ƙofa don gyaran makaranta ko rufin majami'a.

Da 'yan kasuwa suka ga akwai samu, sai suka shiga gina manyan zauruka, wasu a tsakiyar gonaki, nesa da kowane gari, gini ne kawai na bulo da rufin kwano amma yana cin mutum 2,000 ko fiye. Cikin masu wannan harka akwai Albert Reynolds da ɗan'uwansa Jim, waɗanda suka fara da zauren Cloudland a ƙauyensu Rooskey, suka bi da Roseland a Moate da Dreamland a Athy da wasu. Wannan Albert ɗin shi ne ya zama firaministan Ireland daga 1992 zuwa 1994.

Bari mu shiga ciki, domin a nan ainihin ma'anar kalmar take.

Daren Lahadi ne. A waje kekuna sun yi layi jikin katanga, motoci 'yan kaɗan, kowacce ta zo shaƙe da mutane. Rawa daga ƙarfe 9 na dare ne zuwa 2. Daɓen zauren na katako ne mai santsi. Mata sun jeru a bango ɗaya, maza a ɗaya bangon, fili a tsakani. Kiɗa uku-uku ake yi a jere, sannan a ɗan tsahirta. Da an sanar da zagaye na gaba sai maza su yunƙuro gaba ɗaya su ƙetare filin, kowa ya nufi wadda ya daɗe yana hange. Tana iya amincewa, tana iya girgiza kai, in kuwa ta girgiza, sai ya matsa ga ta kusa da ita ko ya koma da kunyarsa kowa na gani. Wani lokaci a ce zagayen nan mata ne za su zaɓa, sai zuciyar samari ta hau dukan uku-uku.

Ba a sayar da giya a zauren. Shayi ne da lemon kwalba, wanda mutanen Ireland ke kira "mineral", daidai yadda ake ce masa a Turancin Najeriya. Wannan kwalbar lemo kuwa ita ce ma'aunin komai. Idan rawa ta ƙare saurayi ya ce wa yarinya ko za ta sha lemo, ta ce to, magana ta fara ke nan. Aure nawa aka ƙulla daga kan wannan tambaya, Allah kaɗai ya sani. Can wajen tsakar dare maza da suka tsaya mashaya sai su kwararo, zaure ya cika maƙil, zafi ya yi yawa har raɓa na ɗiga daga rufi. Makaɗan suna da wata magana a tsakaninsu: a sallami jama'a suna gumi. Wanda ya yi haka ya ci kuɗinsa. A ƙarshe a buga taken ƙasa kowa ya tsaya cak, makaɗa su sauko su raba hotunansu suna sa hannu, sannan su loda kaya su kama hanya cikin sanyin asuba.

Sau ɗaya a shekara komai na tsayawa. Cikin azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista ba a rawa a yawancin sassan ƙasar, in ban da ranar Waliyyi Patrick, 17 ga Maris. Sai ƙungiyoyin su hau jirgin ruwa zuwa Ingila su bi 'yan'uwansu da suka yi ƙaura. A unguwar Cricklewood ta Landan a lokacin akwai zauren Galtymore, inda lebura ɗan gundumar Mayo ko ma'aikaciyar jinya 'yar gundumar Kerry za su ji muryar gida. Wasu har Amurka suke kaiwa, wasu sansanonin sojan Amurka a Jamus.

Har tatsuniya zamanin ya haifa. A ƙauyen Tooreen na gundumar Mayo an yi ta yaɗa cewa wata yarinya ta yi rawa da wani kyakkyawan baƙo, da ta duba ƙasa sai ta ga kofato a maimakon ƙafa. Shaiɗan ne ya zo rawa, in ji masu labari. Duk Bahaushen da ya girma yana jin labarin kyakkyawar mace mai kofato da dare zai gane irin tsoron da ake son dasawa.

To, mu koma Castleblayney. Garin na gefen tafkin Muckno, tafiyar 'yan mintoci zuwa iyaka da Ireland ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya. Makaɗan da ya fitar sun fi ƙarfin girmansa, har ake masa laƙabi da Nashville ta Ireland, wato ana kwatanta shi da birnin Amurka da ya shahara da waƙoƙin karkara. Daga nan Paddy Cole ya fito, mai busa saksafon, wanda ya fara da ƙungiyar Maurice Lynch ta garin, ya wuce Capitol ta Dublin, daga baya ya je har Las Vegas. Big Tom kuwa ya yi ci-rani a ƙetare kafin ya dawo gida ya shiga ƙungiyar Mainliners. A 1966 ya rera wata waƙa kan rasuwar uwa a talabijin, daga ranar sunansa ya bazu. Ba ya tsalle, ba ya yanga. Tsayawa yake ya rera a hankali, waƙoƙinsa cike da kewar gida da iyaye da hanyoyin ƙauye. Ga mutanen da rabin danginsu ke ƙasar waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka garin Mullingar ke tinƙaho da Joe Dolan, wanda ya rasu a Disambar 2007, shi ma da mutum-mutuminsa a tsakiyar gari.

Akwai masu raina showband, musamman matasan da suka taso a shekarun 1970 suna rubuta waƙoƙinsu da kansu. A bakinsu kalmar kusan zagi ce: masu kwaikwayo, 'yan neman kuɗi, waɗanda suka tare hanya. Gaskiya ne masu zauruka ba sa son sabuwar waƙar da ba a sani ba, kuma an danne basira da yawa ta haka. Amma ni ina ganin an yi musu rashin adalci. Mutumin da zai kasa kunne ga tashar Radio Luxembourg da dare, ya haddace sabuwar waƙa da kunne, ya raba wa masu busa nasu kason, kafin ƙarshen mako ya buga ta tsaf a gaban mutum 1,000, sannan ya yi awa biyar a tsaye dare shida a mako, wannan gwani ne. Rory Gallagher, wanda duniya ta sallama wa a jita, yana ɗan shekara 15 ya shiga ƙungiyar Fontana a Cork. Van Morrison ya busa saksafon a Monarchs ta Belfast. A 1962 a Liverpool, Beatles, ƙungiyar Ingila da daga baya ta shahara a duniya, ne suka share fage kafin Royal Showband ta Waterford ta hau dandamali da mawaƙinta Brendan Bowyer. Sannan yarinyar da ke ƙauyen da ba silima, ba talabijin, wa ya taɓa kawo mata duniya har ƙofar gida in ba su ba?

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: makaɗan nan ba ruwansu da iyaka. Katolika da Furotesta na cikin ƙungiya ɗaya, suna wasa kudu da arewa, har bayan rikicin Ireland ta Arewa ya ɓarke. Ana ganin ba mai taɓa makaɗi. Wannan zato ya mutu a daren 31 ga Yulin 1975. Wata showband mai suna Miami na komawa Dublin daga wasa a Banbridge, sai wasu mutane cikin kakin soja suka tare su a wani shingen bincike na bogi. 'Yan ƙungiyar UVF ne, wato Furotesta masu ɗauke da makamai da ke son arewa ta ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, wasunsu kuma sojoji ne na wata rundunar Birtaniya ta yankin. Suna ƙoƙarin ɓoye bam a cikin bas ɗin sai ya tashi ya kashe biyu daga cikin maharan, sauran suka buɗe wuta. Fran O'Toole da Brian McCoy da Tony Geraghty suka mutu nan take. Stephen Travers da Des McAlea suka tsira da raunuka. Bayan wannan dare ƙungiyoyin kudu da yawa sun daɗe ba su sake ƙetare iyaka ba.

Dama harkar ta riga ta fara sanyi. Otal-otal sun buɗe wuraren rawa masu kujeru da giya, disko ya zo, mutum ɗaya da faifai ya maye gurbin mutum takwas. Zauruka suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shagon kujeru, wasu rumbun kaya, wasu aka rushe. Kaɗan ne suka tsira, kamar Rainbow da ke Glenfarne a Leitrim, wanda John McGivern ya buɗe a 1934 bayan ya dawo daga Amurka. Har yau ana rawa a cikinsa, an kuma ware wuri ana nuna tsofaffin hotuna da kwat-kwat na makaɗan.

A yau in ɗan Ireland ya ce "zamanin showband", shekarun samartakar iyayensa ko kakanninsa yake nufi, sau da yawa ma zauren da suka fara haɗuwa. Gidajen rediyon gundumomi na da shirye-shiryen tsofaffin faya-fayan, makaɗan da suka rage kan haɗu su yi wasan tuna baya, zaure ya cika da furfura. Reshen da Big Tom ya bi, na waƙoƙin karkara, shi ne ya fi daɗewa, har yanzu matasa na cika otal suna rawarsa bibbiyu.

Ranar da aka binne shi a maƙabartar Oram, ƙauyensu da ke gefen Castleblayney, jama'a ba su watse ba bayan an gama addu'a. Abokan sana'arsa suka tsaya a bakin kabarin suna rera waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, taron na amsawa.