Kuskuren ba da magani a aikin jinya

Kuskuren ba da magani shi ne duk wata tangarɗa da aka samu tun daga lokacin da likita ya rubuta magani a kati har zuwa sanda maganin ya shiga jikin majinyaci, ko a ba mutum wanda ba nasa ba, ko a zarce adadi, ko a rage, ko a yi wa jijiya allurar da tsoka aka ce a yi wa, ko kuma a manta da shi kwata-kwata har lokacinsa ya wuce. Hannaye da yawa ne ke taɓa magani kafin ya kai ga mara lafiya, likita ya rubuta, mai haɗa magani ya fitar, amma nas ita ce ta ƙarshe a layin, ita ke tsaye bakin gado da sirinji a hannu. Shi ya sa batun ya zama babban babi a ɗa'ar aikin jinya, shi ya sa kuma in abu ya ɓaci sunanta ake fara kira ko da ɓarnar tun daga sama ta faro.

Girman matsalar

A 1999 wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka, Institute of Medicine, ta fitar da rahoton da ya girgiza mutane, inda ta ƙiyasta cewa tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Daga nan maganar kare lafiyar majinyaci ta fita daga hirar ma'aikata a ɓoye ta zama fage mai zaman kansa. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙaddamar da gangami na musamman kan magani a birnin Bonn na Jamus, da burin rage mummunar illar da kuskuren magani ke jawowa da kashi 50 cikin ɗari a shekara 5, kuma hukumar ta ce asarar da duniya ke yi kan wannan kuskure ta kai kusan dala biliyan 42 a shekara. Shi ne gangami na uku irinsa, na farko a 2005 kan wanke hannu ne, na biyu a 2008 kan tiyata. Tun 2019 kuma ake ware ranar 17 ga Satumba a matsayin ranar kare lafiyar majinyata ta duniya.

Abin da ake koya wa nas

Duk wanda ya shiga makarantar jinya ya haddace tambayoyin nan biyar da ake yi kafin a ba da magani: shi ne majinyacin? shi ne maganin? adadin daidai ne? ta wannan hanyar aka ce a ba shi? lokacinsa ne? Wasu makarantun sun ƙara rubutawa a kati nan take, da dalilin maganin, da haƙƙin majinyaci ya ce ba ya so. A takarda abin da sauƙi. Amma a ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gadaje fiye da ƙima a aikin dare, ga mata biyu masu suna ɗaya gado kusa da gado, ga 'yan jinya na ta kiran sista sista, tambaya ta farkon ma kaɗai tana iya kuɓucewa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a tabbatar da mutum da alama biyu, misali cikakken suna da lambar kati, lambar gado ba ta isa ba don ana sauya wa mutane gado.

Rubutu ma yana kashe mutum. In likita ya rubuta harafin U, wato unit, a gaban adadin insulin, maganin ciwon sukari, da saurin hannu, sai ya yi kama da sifiri, 4 ta koma 40. In aka rubuta 1.0 kuma ɗigon bai fito ba, an karanta 10 kenan. Hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta sa irin waɗannan a jerin abubuwan da ta hana rubutawa tun 2004. Sai kuma magunguna masu kama da juna a suna ko a kwalba, da kuma yara, waɗanda ake lissafa musu magani da nauyin jiki, kaza a kowane kilo, to in ba a auna yaron ba aka yi kintace da ido, lissafin tun daga tushe ya karkace.

Akwai rukunin da ake kira magunguna masu haɗari sosai, irin su insulin, heparin mai tsinka jini, morphine mai kashe tsananin raɗaɗi da danginsa, da potassium chloride mai kauri wanda in aka tura shi jijiya kai tsaye ba a sirka ba zuciya tsayawa take. Ƙasashe da dama sun cire kwalaben potassium ɗin nan daga ɗakunan kwanciya gaba ɗaya, wato maimakon a yi ta cewa nas ta kula, sai aka ɗauke abin daga inda hannu zai kai. A ɗakunan haihuwa na arewacin Najeriya da Nijar misalin da aka fi sani shi ne magnesium sulphate da ake yi wa mai ciki in jijjiga ta kama ta. Maganin na ceton rai ƙwarai, amma kafin a sake yin allurar bayan awa 4 sai ungozoma ta ƙirga numfashi ta ga bai gaza 16 a minti ba, ta buga gwiwa ta ga ƙafa na zabura, ta duba fitsari na fita yadda ya kamata, sannan calcium gluconate na kusa don shi ne makarinsa. In aka tsallake wannan dubawar saboda cunkoso, maganin da ya hana jijjiga shi zai danne numfashi.

Wani abu da littattafan Turai ba su cika kawowa ba, a yawancin asibitocinmu 'yan uwan mara lafiya ne ke fita da takarda su sayo magani a kemis, a dawo da shi cikin leda, wani lokacin mai kemis ya ce babu wannan amma ga irinsa. To nas sai ta ƙara da karanta ƙarfin maganin da ranar lalacewarsa, ta kuma tambaya ko ana ba shi jiƙo ko wani abu daga gida, don da yawa ba sa faɗa sai an tambaya da lalama.

Ɗa'ar aiki da faɗin gaskiya

Majalisar ma'aikatan jinya ta duniya, ICN, ta fara fitar da kundin ɗa'arta a 1953, an sha gyara shi, na baya-bayan nan a 2021. Kundin ya ɗora wa nas nauyi huɗu, inganta lafiya, hana cuta, dawo da lafiya, da sauƙaƙa raɗaɗi, kuma ya ce haƙƙin farko da ke kanta na majinyaci ne. Ma'anar wannan a aikace ita ce, in ta ga rubutun likita bai yi mata daidai ba, dole ta tsaya ta tambaya, “haka aka rubuta” ba ya wanke ta. A Najeriya hukumar da ke ba da lasisi da ladabtarwa ita ce majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 89 ta 1979.

In kuma kuskuren ya riga ya faru, tsarin a bayyane yake: a fara duba majinyaci, a kira likita, a rubuta ainihin abin da aka ba shi da lokacin, a cike takardar rahoto, a sanar da shi ko danginsa. A Ingila faɗa wa majinyaci gaskiya ya zama doka a kan asibitocin gwamnati tun 2014, bayan binciken abin kunyar sakaci da majinyata da ya faru a asibitin Stafford. Nan ne fa abin ke da wuya, don inda aka saba da cewa duk wanda ya faɗi kuskurensa takardar tuhuma zai samu, kowa shiru zai yi, kati ya fito tas kamar ba a yi komai ba, kuskuren kuma ya jira mutum na gaba.

Shari'ar RaDonda Vaught

Babu shari'ar da ta tayar da wannan muhawara kamar ta RaDonda Vaught, nas a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville a jihar Tennessee ta Amurka. A ƙarshen Disamba 2017 aka ce ta je ta yi wa wata dattijuwa mai shekara 75 allurar Versed, maganin kwantar da hankali, kafin a ɗauke ta hoto a na'ura. Ta buga haruffa biyu na farko, VE, a kwamfutar akwatin magani, bai fito ba saboda da sunansa na asali midazolam aka jera shi, sai ta danna maɓallin tsallake shinge, abin da ma'aikatan wurin suka saba yi a lokacin, ta ɗauko vecuronium, maganin da ke shanye tsokar jiki har da ta numfashi. Alamu sun nuna mata ba shi ba ne, gari ne sai an dama alhali Versed ruwa ne, ga gargaɗi a murfin kwalbar, amma ba ta lura ba, ta yi allurar ta tafi ba wanda ya tsaya sa ido. Matar ta rasu washegari.

Vaught ta faɗi abin da ta yi tun ranar. Asibitin ya kore ta, amma bai kai rahoto ga hukuma yadda doka ta ce ba, sai da wani ya tsegunta a 2018 masu bincike na gwamnatin tarayya suka shigo. A 2021 aka ƙwace lasisinta, a Maris 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a watan Mayu aka yanke mata shekara 3 na zaman sa ido ba tare da kurkuku ba. Ƙungiyar nas-nas ta Amurka ta yi tir da gurfanar da ita, tana cewa hakan zai sa ma'aikata su daina kai rahoton kuskure. Masu gabatar da ƙara kuma suka ce gargaɗin da ta tsallake sun yi yawa a kira shi tuntuɓe. Gaskiya kowane ɓangare na da abin riƙewa, idan ɓera da sata daddawa ma da wari, sai dai ita kaɗai ta tsaya gaban alƙali.

Masanin halayyar ɗan adam ɗan Birtaniya James Reason ya daɗe da bayyana cewa babban haɗari ba ya zuwa daga rami ɗaya, sai shingaye da yawa sun ɓule a lokaci guda. Daga irin tunaninsa aka gina tsarin da asibitoci ke kira adalci a wurin aiki, wanda ke raba abu uku: kuskuren ɗan adam zalla, da saba wa ƙa'ida don kowa na yi har an daina ganin haɗarinsa, da ganganci. Na farko a rarrashi ma'aikaci a gyara tsarin, na biyu a wayar masa da kai a kuma binciki me ya sa hanyar ta zama al'ada, na uku ne kawai ake hukuntawa. A 2000 likita Albert Wu na jami'ar Johns Hopkins ya ja hankali kan halin da ma'aikacin da kuskure ya faru a hannunsa ke shiga, rashin barci, tsoro, wasu har barin aikin, kuma daga baya asibitoci da dama a Amurka da Turai suka kafa tawagar abokan aiki da ke zama da irin wannan ma'aikacin tun a kwanakin farko, yayin da binciken ke tafiya ta nasa ɓangaren.