Waiwaye: Yadda Durga ta bar gidajen attajirai ta fito titunan Kolkata

A watan Disamban 2021 hukumar UNESCO ta sanya bikin Durga Puja na birnin Kolkata, a yankin Bengal na ƙasar Indiya, cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wanda ya ga birnin a kwanakin bikin, ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, rumfuna dubbai, tituna ba masaka tsinke, sai ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ina! Shekara ɗari biyu da hamsin baya, sha'ani ne na masu hannu da shuni.

A aƙidar Hindu, Durga abar bauta ce mai hannu goma, tana hawan zaki, ita ta kashe Mahishasura, aljanin da ke rikiɗa ɓauna. Amma mutanen Bengal sun ba ta wata fuska daban. A waƙoƙin agamani, wato na marabtar zuwanta, na ƙarni na 18, irin waɗanda Ramprasad Sen ya yi, ɗiya ce da aka aurar nesa, can dutsen Kailash gidan mijinta Shiva, ta zo ganin gida na 'yan kwanaki. Uwarta Menaka tana mitar talaucin surukin, tana kukan ranar komawa tun kafin ta zo. A ƙasar da ake aurar da yarinya da ƙuruciya a kai ta wani gari, kowace uwa ta san wannan kukan. A ganina shi ya sa bikin ya kama zuciya fiye da labarin yaƙin.

Duk da haka a farfajiyar manyan masu ƙasa da 'yan kasuwa ake yin sa. Gidan Nabakrishna Deb da ke Shobhabazar yana lissafa nasa daga 1757, shekarar da Turawan kamfanin Ingila suka yi nasara a yaƙin Palashi. Gidajen attajirai kan gayyato Turawa, a kawo 'yan rawa, a yi gasar ɓarin kuɗi.

Sauyin ya faro ne daga Guptipara a gundumar Hooghly, wajen ƙarshen ƙarni na 18, inda mutum goma sha biyu suka yi karo-karo suka shirya nasu. Daga nan aka samu kalmar baroyari, wato abokai goma sha biyu. A farkon ƙarni na 20 unguwannin Kolkata irin su Bhowanipore da Bagbazar suka ɗauka, aka koma cewa sarbojanin, na kowa da kowa. Lokacin gwagwarmaya da mulkin mallaka ne, har aka riƙa kwatanta ƙasar da uwa Durga. Wannan bai yi wa Musulmi da yawa daɗi ba, shi ya sa a 1937 jam'iyyar Congress mai neman 'yancin Indiya ta taƙaita waƙar kishin ƙasa ta Vande Mataram ga baitoci biyu na farko, ta bar masu ambaton Durga. Abin mamaki, Kazi Nazrul Islam, mawaƙin ƙasa na Bangladesh, Musulmi ne da ya rubuta waƙoƙin bege masu yawa ga Kali, wata abar bautar Hindu.

Rediyo ma ya taka rawa. Tun shekarun 1930 ake sa muryar Birendra Krishna Bhadra yana karanto labarin Durga da ƙarfe huɗu na asubar ranar Mahalaya, kimanin mako guda kafin bikin. A 1976 gidan rediyon ya musanya shi da sabon shiri mai tauraron fim Uttam Kumar. Jama'a suka yi caa, dole aka dawo da tsohon.

Gumakan kuwa har yau a unguwar magina ta Kumartuli ake ƙera da yawansu, da gora da ciyawa da yumɓun kogi, ido ne ake zanawa da tsantseni na musamman. Aikin watanni, amma ranar Dashami, ranar ƙarshe ta bikin, a kai su kogin Hooghly a nutsar, yumɓu ya koma inda aka ɗebo shi, 'yan rakiya suna ihu da Bengalanci cewa baɗi ma za a sake.