Shin masana'antar takarda wutar gari take shanyewa?

An daɗe ana cewa duk masana'antar takarda da wutar gari da man fetur take rayuwa. Ba laifin masu faɗa ba ne, domin busar da takarda na cin zafi ƙwarai. Sai dai inda ake dafa itace da sinadari, lamarin ba haka yake ba.

Kusan rabin itacen ne ke zama ɓargon takarda, wato lallausan zaren itace da ake yin takarda da shi. Sauran na narkewa ya zama baƙin ruwa, wanda daskararren abin cikinsa kusan kashi 15 cikin 100 ne. Ana ƙafar da shi ya yi kauri zuwa kashi 65 ko 80, sannan a ƙona shi a babbar tukunya. Tururi mai ƙarfi ya juya injin lantarki, ragowarsa kuma a tura shi dafa itace da busar da takarda. Wuta ɗaya, aiki biyu: amfanin makamashin kan kai kashi 80, tashar lantarki ta gargajiya kuwa kusan 40. Shi ya sa wasu masana'antun Finland da Suwidin har sayar da rarar wuta suke yi. Kaurin baƙin ruwan nan ba abin wasa ba ne, don in bai yi kauri ba, ruwa ya taɓa narkakken sinadarin da ke taruwa a gindin tukunya, fashewa take yi.

Masu sabunta tsohuwar takarda ba su da baƙin ruwa, galibi gas suke ƙonawa ko su sayi wuta. Don tantancewa, a duba rahoton shekara na masana'anta: itace take dafawa ko tsohuwar takarda, kuma wuta nawa take saya, nawa take sayarwa?

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.