Wai me ake nufi da "tauraro mai wutsiya"?

Tun ranar da wani yaro ya tura hoto a guruf ɗin unguwarmu, ɗan farin layi a sama ta wajen Gobarau, shi kenan kowa ya kama "tauraro mai wutsiya", har na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana rantsuwa wai shi ma ya gan shi ya wuce fiuu kamar harsashi. To a nan ne raina ya ɓaci. Duk abin da ya wuce fiuu ba shi ba ne malam.

Na ainihin ba ya gudu a ido. Kai ko tauraro ma ba shi ba ne, dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura mai kewaya rana, in ya matso kusa da ita zafi ya sa ya fara tururi, sai tururin ya miƙe ya ba rana baya, wutsiyar kenan, ko zuwa yake ko komawa can take fuskanta. Ka gan shi yau, gobe ka tarar da shi ya ɗan gusa kaɗan, haka har sati biyu ko fiye. Wanda ya fito a Oktoban 2024 haka ya yi ta yamma bayan magariba. Wanda ake kira Halley kuwa tun da ya fito a 1986 ba zai dawo ba sai 2061, Allah Ya kai mai rai.

Mai wucewa fiuu ɗin ɗan tsakuwa ne, sau tari bai fi ƙwayar dawa ba, yana ƙonewa can sama wajen kilomita 100. Wani lokaci dai babba kan tsira ya iso ƙasa, kuma mu Katsinawa ai bai kamata a ba mu labari ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 a Zagami, ƙasar Faskari, wani manomi na cikin korar hankaki a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya nutse cikin ƙasa dab da shi. Daga baya masana suka gano ashe daga duniyar Mars ya taso, yanzu gutsattsarinsa na ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka da sunan Zagami a jiki, amma je ka tambayi ɗan sakandare a nan garin ka ga kallon da zai yi maka. Wannan ya fi ci mini rai a kan kuskuren mai rediyo.

Hoton yaron fa? Na buɗe na ƙara girmansa, layin ɗigo-ɗigo ne da ɗan ja a jiki. Jirgin sama ne. Waya in ka sa ta ɗaukar dare takan riƙe haske na daƙiƙoƙi, duk abin da ke tafiya sai ya zama layi. Ban dai kashe masa gwiwa ba, na ce ya jira a ɗauke wuta, ya jingina wayar da bulo kar ta motsa, kafin hazo ya sauko mu haɗu a filin makaranta ya zo da abokansa.