Kafin ka saka hannu da kamfanin da zai riƙe maka tasha, ga abinda doka ta ce

Satin da ya wuce 'yar ƙanwata ta zo gida da wayarta a hannu tana murna, wai Kawu wani kamfani ya nemeta zai riƙe mata tasharta ta girke-girke. Tana da tasha a YouTube, tana da wani guruf da mata ke biyan kuɗi duk wata tana koya musu cincin da dubulan da alkaki da su kek, kuma gaskiya aikin ya mata yawa, ita ce girki ita ce ɗauka ita ce amsa saƙo har ƙarfe ɗayan dare. To sai ga masu cewa su za su ɗauke mata duk wannan, ita dai ta tsaya gaban murhu kawai. Sun turo mata takarda shafi tara da Turanci, sunce ta saka hannu kafin Juma'a. Na ce miƙo wayar. Muna zaune kan tabarma shayina har ya huce ban sani ba, saboda tun a shafi na uku na ga inda aka rubuta cewa duk bidiyon da tayi da wanda za ta yi nan gaba ya zama mallakar kamfani. Ita kuma wallahi bata ma kai shafi na uku ba, ta tsaya ne a inda aka rubuta kason da za a bata.

Shi yasa nace bari in rubuta wannan, don nasan ba ita kaɗai bace. Akwai marubutan littafi masu guruf na kuɗi a WhatsApp da Telegram, akwai masu barkwanci, akwai masu shirin fim mai dogon zango, malaman darasi, duk ana bin su da irin wannan tayin.

A idon doka, kamfanin da ka ɗauka ya kula maka da harka wakilinka ne. Kamar dai dillali a kara, ka bashi sa ya sayar ya cire la'adarsa ya miƙo maka sauran, amma sa ɗin naka ne har sai an sayar. Wakili yana da nauyi a kansa: ya yi aiki da gaskiya don amfaninka, kar ya ci riba a ɓoye da sunanka, kuma ya baka lissafin duk kuɗin da ya shigo hannunsa. Wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, babin wakalci yana nan a littafan fiƙihu tun da daɗewa. Amma akwai ɗaya gefen da mutane ke mantawa, duk abinda wakili ya ƙulla a cikin ikon da ka bashi, kai ne ka ƙulla. In ya karɓi kuɗin talla da sunanka ya ce zaka yi bidiyo uku, kai za a biyo. Matsalar ita ce yawancin takardun nan a baki sunansu wakilci, amma in ka karanta ciki ciniki ne, sayar da gonar kake yi gaba ɗaya su kuma su ɗaukeka ƙodago a cikinta.

Dokar da ta fi shafar wannan a Najeriya ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Buhari ya saka wa hannu a watan Maris na 2023. Asalin ƙa'idarta shine wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da shi tun daga farko, sai dai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Ba sai ka yi rajista ba, da zarar ka rubuta ko ka ɗauka haƙƙin ya tabbata, duk da cewa Hukumar Haƙƙin Mallaka tana da tsarin ajiye bayanin aiki ta intanet wanda ke taimakawa wajen hujja in rigima ta tashi. Sashe na 30 ya ce miƙa mallaka gaba ɗaya, ko bada lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya shi kaɗai, baya aiki sai a rubuce. Kaga wannan kariya ce babba, don babu wanda zai zo ya ce ai a waya ka ce ka bar min. Amma kuma ita ce ta sa takardar nan take da nauyi, ranar da ka rattaba hannu shikenan an cika sharaɗin rubutun.

To sai a bambance abu uku. Akwai miƙa mallaka, wanda a takardar Turanci zaka ga kalmar "assign", wannan sayarwa ce, abu ya bar hannunka. Akwai lasisi na keɓe, mallaka tana wajenka amma su kaɗai ke da ikon amfani da abin, har kai kanka ba zaka iya ɗora bidiyonka a wani waje ba muddin wa'adin bai ƙare ba. Sai lasisi na gama-gari, ka basu dama su yi amfani kai ma kana yi, kana iya ba wani ma. Mai kula maka da tasha, ni a ganina, lasisi mai wa'adi ya isheshi yin aikinsa, wanda zai mutu ranar da kuka rabu. Meye haɗin mai amsa maka saƙo da mallakar littafinka? In kuma ka ga "in perpetuity" to ma'anarsa har abada, kuma ka tuna haƙƙin rubutu yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar marubuci, na bidiyo shekara 50 daga fitarsa. Wato gadon 'ya'yanka ne kake kyautarwa akan kuɗin data. Dokar ta yarda a yi ciniki akan aikin da ba a riga an yi ba, amma bata yarda a kwashe haƙƙin dukkan abinda mutum zai ƙirƙira nan gaba ba, don haka irin layin da na gani a shafi na uku ɗin nan yana da rauni a gaban kotu. Sai dai kar ka dogara da wannan, zuwa kotu kuɗi ne da shekaru, gara a goge layin tun yanzu.

Akwai wani lungu da masu bidiyo ya kamata su buɗe ido sosai a kansa. A wajen rubutu, marubuci shine mai abu, babu gardama. A wajen bidiyo kuwa dokar tana kallon wanda ya yi tanadin yadda za a shirya aikin, shi take ɗauka a matsayin mai shi, sai in masu aikin sun rubuta wani abu daban a tsakaninsu. To ka duba, kamfani ya kawo kyamara, ya kawo mai ɗauka, ya biya kuɗin waje, ya biya mai tacewa, kai kuma ka zo ka tsaya ka yi magana. Gobe in an ɓata sai su ce ai mu muka shirya, kuma maganarsu ba za ta zama shirme ba. Maganinsa layi ɗaya ne a takarda, cewa duk bidiyon da aka yi, ko da kayan waye aka ɗauka, mallakarka ne. Na sa 'yar ƙanwata ta rubuta wannan da biro a bayan littafin girkinta don kar ta manta.

Sai maganar kuɗi, inda aka fi yi wa mutane wayo da lissafi. YouTube yana cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin mambobin tasha ya baka 70, a tallan dogon bidiyo kuma kashi 55 ne naka. Yanzu ace mabiya sun biya naira 100,000 a wata, abinda ya iso 70,000 ne. Kamfani yace zai ɗauki kashi 40. Kashi 40 na me? In na jimillar farko ne, wanda suke rubutawa "gross", sun ɗauki 40,000 kai ka tashi da 30,000. In na abinda ya rage ne bayan dandali ya cire nasa, sun ɗauki 28,000 kai kana da 42,000. Kalma ɗaya ce ta cinye 12,000 duk wata. Kuma bai ƙare nan ba, wasu sai sun fara cire abinda suke kira kuɗin ɗawainiya, talla, tacewa, data, man mota, kafin a raba, kuma babu iyaka a rubuce. Dole a saka iyaka, a ce duk kashe kuɗin da ya wuce kaza sai da amincewarka a rubuce, kuma duk wata a turo maka lissafi ka gani da idonka. Kar ka manta Amurka ma tana cire harajinta daga kuɗin da masu kallo na can suka kawo, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya kashi 30 ake cirewa a wannan ɓangaren, in ma baka cike bayanan harajin ba Google na iya riƙe har kashi 24 na duka kuɗinka. Ka tambaya waye zai cike, da sunan wa.

Amma abinda ya fi kason muhimmanci shine hanyar da kuɗin ke bi. Kuɗi su fara sauka a asusunka na banki, kai ka tura musu la'adarsu. In ya zama su ke karɓa sannan su baka, to ranar da aka samu saɓani kai ne mai roƙo. AdSense ɗin, wato asusun Google da YouTube ke biyan kuɗi ta cikinsa, ya kasance da sunanka, imel ɗin da aka buɗe tasha da shi naka, lambar wayar da ake turo lambar tabbatarwa taka. Kuma babu dalilin bada lambar sirri sam, YouTube yana da wajen da zaka ƙara mutum a matsayin manaja ko edita ya yi aikinsa ba tare da ya taɓa imel ɗinka ba, Facebook ma haka a shafuka, duk ranar da ka so ka cireshi. Duk wanda ya dage sai ka bashi lambar sirri da layin waya, dan Allah ka tambayi kanka me yake so da su. Dandalin nan da kai ya ƙulla sharuɗɗa, in kamfani ya sayo mabiyan bogi ko ya ɗora waƙar wani aka rufe tasha, taka aka rufe, su sai su koma kan wani.

Akwai kuma amsa saƙo da sunanka. Mutum ya biya kuɗi ne don yana ganin da kai yake magana, ashe wani yaro ne a ofis. A Amurka a 2024 wasu masu biyan kuɗi sun kai OnlyFans, wani dandali da ake biyan kuɗi don bin masu shafi, da wasu kamfanonin kula da asusu kotu a Kalifoniya akan daidai wannan, cewa an sa ma'aikata suna hira da su a matsayin masu shafin. Mu nan ko ba kotu, mutunci ne a gaba. Ace matar aure ta turo wa malamar girki saƙo tana faɗin damuwar gidanta, ashe namiji ne baƙo ke karantawa. Ni wannan ya fi kuɗin tayar min da hankali. A rubuta abinda aka yarda su faɗa da sunanka da wanda ba a yarda ba, kuma a sanar da mabiya cewa akwai masu taimakawa. Lambobin wayar mabiya da sunayensu ma amana ce da doka ta sani, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 bata yarda a kwashi bayanan mutane a yi wani abin daban da wanda suka bayar dominsa ba, kuma kai da ka tara su ba zaka ce ba ruwanka ba in kamfani ya sayar wa masu talla.

Ƙofar fita, a nemeta tun kafin a shiga. Wa'adi nawa ne, kuma yana sabunta kansa ne in baka yi magana ba? Takardar 'yar ƙanwata shekara uku ce, mai sabunta kanta, su suna iya fita da sanarwar sati biyu ita kuma babu inda aka ce tana iya fita. Nace mata a fara da wata shida, kowa na iya fita da sanarwar kwana 30, kuma a rubuta cewa cikin sati ɗaya za su sauka daga tasha su dawo da duk bidiyo. Wasu suna saka cewa bayan rabuwa ba zaka yi irin sana'ar ba na shekara kaza, kotu bata cika goyon bayan irin wannan ba sai in yana da iyaka mai ma'ana, amma dai a cire ya fi. A duba kuma inda aka ce za a yi shari'a, in an rubuta Landan ko Dubai to kai da kake Kano ko Zariya a aikace an rufe maka ƙofa ne.

Sauran ƙanana ne amma a yi su. A shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a bincika sunan kamfanin, kyauta ne, a ga ko yana da rajista kuma sunan ya yi daidai da na kan takarda. In mai tashar bai kai shekara 18 ba to maganar ta iyaye ce, AdSense ma baya buɗe wa yaro. A kai wa lauya ya karanta. Duk alƙawarin da aka yi a baki ko a saƙon murya a ce su saka a takarda, don yawanci akwai layi a ƙarshe da ke cewa abinda ke cikin takardar shine kaɗai yarjejeniya.

'Yar ƙanwata ta tura musu gyara guda biyar daren Alhamis, mallaka, hanyar kuɗi, lambar sirri, saƙon mabiya da wa'adi. Sun amsa da safe cewa sun yarda da uku, biyun kuma sai sun yi shawara da oga. Tace Kawu to Juma'ar fa? Nace ki bar Juma'a ta wuce, ki jira amsar biyun nan tukuna.