Me ya sa jaka biyar ɗinka ba ta sayen wuta kamar ta maƙwabci?

A Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, da yawa daga masu mitar da ake biya kafin a sha sun daina bin layi. Ka danna #150# idan Orange Money kake da shi, ko *126# idan MTN ne, ka sa lambar mita da kuɗin, saƙo ya shigo da lambobi 20, ka buga su a mita, shi ke nan. Sai dai ƙorafi ɗaya ya ƙi ƙarewa: mutum biyu sun tura jaka biyar-biyar, wato sefa 5,000 kowanne, wutar ɗaya ta fi ta ɗaya. Nan take sai a ce mai shagon tura kuɗi ya yi coge. Galibi bawan Allah bai ci ko sisi ba. Amsar tana cikin doka.

Dokar da ke tafiyar da harkar lantarki a Kamaru ita ce mai lamba 2011/022 ta 14 ga Disamba 2011. A ƙarƙashinta kamfanin wuta ba ya yanka farashi yadda ya ga dama. Akwai hukuma mai sa ido, ARSEL, kuma sai ta hannunta farashi ke zama halas. Jadawalin da aka kafa wa gidaje a 2012 hawa-hawa ne. Gidan da bai wuce kilowat 110 a wata ba, sefa 50 yake biya kan kowane ɗaya. Daga 111 zuwa 400, sefa 79. Daga nan zuwa 800, sefa 94, abin da ya haura kuwa 99. Ga kuma harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan kayan saye, na kashi 19.25 cikin ɗari, wanda aka yafe wa gidan da bai wuce kilowat 220 ba.

To yi lissafi. Jaka biyar a kan sefa 50 kilowat 100 ce. A kan 79 kuwa da ƙyar ta kai 63, in haraji ya hau ta sauko wajen 53.

Inda abin ke ci mini rai shi ne gidajen haya. An yi farashin ƙasa ne don a sauƙaƙa wa talaka, amma mita ba ta san ɗaki nawa ke bayanta ba. Gida mai ɗaki takwas, kowa da fankarsa da ƙwai biyu, wata tana da firjin sayar da ƙanƙara, duk a mita ɗaya: a idon jadawali wannan gidan attajiri ne. Tsohuwar da ƙwai ɗaya kawai take kunnawa sai ta shiga karo-karon wuta mai tsada. In watan Maris ya kama, zafin Garwa ya hana kowa kashe fanka, rigimar tsakar gida ta tashi, alhali ba wanda ya saci wutar wani. Mai gidan da ke da hali, ya nema wa kowane sashe mitarsa.

Lambobin nan 20 kuma na mita ɗaya ne tak. Idan ka kuskure lambar mita, ta faɗa ta wani gida, ba za su shiga taka ba, shi ya sa ake son ka karanta sunan da ya bayyana kafin ka sa lambar sirri. Kada ka goge saƙon, shi ne rasidinka. An cire kuɗi lambobi ba su zo ba? Fara da kamfanin waya da ofishin wuta, ka riƙe shaidar ƙorafin. In an ƙi sauraronka, ARSEL na da hurumin sasanta mai shan wuta da kamfani.

Wanda ya zo da filaya yana cewa zai "gyara" maka mita ta rage gudu, ka sallame shi tun daga zaure. Taɓa mita ko jan waya ta bayanta laifi ne, kuma mai sunan da ke kan mitar za a fara nema.