Waiwaye: Wane ne ma'aikacin daji, kuma me ya faru a Nguru a 1987?

Tun da gwamnatin tarayya ta amince a 2025 da ɗaukar dakarun tsaron dazuzzuka, ake ta ja-in-ja kan wa ya dace a ɗauka. Wasu sun ce a ba mafarauta, tunda su suka san kowace ƙorama da kowane kurmi, kuma dare ba ya firgita su. Wasu sun ce akwai itatuwa da namun dawa da ruwa a cikin dajin nan, don haka a nemo waɗanda suka yi karatun abin. Wanda ya ji labarin Sambisa da Kamuku da Falgore ba zai ga laifin mai neman a sa bindiga a gaba ba. Sai dai masu gardamar suna magana kamar yau aka fara tambayar wane ne ma'aikacin daji, alhali tambayar ta girmi yawancinsu.

Kafin zuwan Turawa daji yana da masu shi. Sarkin baka ke da ta cewa a farauta, sarkin ruwa ke buɗe su ya kuma rufe shi, makiyayi yana da burtalinsa. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji a Najeriya. Aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji a Ibadan a 1941, ta Jos kuma a 1958, nan aka horar da mutumin da mutanen karkara suke kira malamin daji, wanda galibi da tarar saran itace suka san shi. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga 'yan kallo a 1962. Daga nan makarantun namun daji zalla suka biyo baya: Mweka a Tanzaniya a 1963, Garwa a Kamaru a 1970, New Bussa a 1978. Sun fitar da ƙwararru na gaske, masu iya bin sawun giwa da ƙidayar ɓauna da gwanki, da shata iyaka, da tsara sintiri. Amma tunanin zamanin, a Afirka baki ɗaya, shi ne dabba a ciki, mutum a waje. Manomi da makiyayi da mai saƙar kaba ba su da gurbi a wannan karatu sai a babin masu shigowa ba izini.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne can inda babu giwa ko zaki, a fadamun Haɗeja da Nguru.

A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa tsakanin tuddan rairayi, su zama tafkuna da fadamu, kafin su haɗe su nufi Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Mutane fiye da miliyan ɗaya ke ci daga wannan ruwa: masu shinkafar fadama, masu noman rani bayan janyewar ruwa, masuntan Bade da Hausawa, Fulani masu saukowa da shanu da rani, masu itace da kaba da kanwa. A tsakiyar shekarun 1970 ambaliyar damina takan rufe kusan murabba'in kilomita 2,000. Zuwa 1987 ba ta kai 1,000 ba. Fari ya yi nasa a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta sauya yadda ruwan ke saukowa, ta Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Madatsun nan su ke shayar da birnin Kano, su ke raya tumatirin Kadawa, saboda haka ruwa ɗaya ne masu buƙata suka yi masa yawa.

Abin da ya jawo hankalin duniya wurin, gaskiya, tsuntsaye ne. Agwagin ruwa da sauran masu ƙaura daga Turai suna tsallake Sahara su yi hunturu a nan tare da dinya da kirinjijiya na gida. Don haka a 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyoyi irin su IUCN ta kare muhalli ta duniya da RSPB ta kare tsuntsaye ta Ingila da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF. Har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ke cikin fadamun kallon tsuntsaye a 1989. Da an bi tsohon salo, da sai a zagaye wani yanki, a kafa allo, a ɗauki masu gadi, shi ke nan.

Ƙasar ce ta ƙi yarda da hakan. Yi tunanin ma'aikacin da ya fita ƙidayar tsuntsaye a watan Janairu, cikin hazo, a kwalekwale. Yana riƙe da madubin hangen nesa, yana yanka garken tsuntsu gida-gida a idonsa, goma-goma sannan ɗari-ɗari, wani na rubutawa. Wanda ke tuƙa shi masunci ne, kuma shi ne zai ce masa kada ya ɓata lokaci a wancan tafki, bana ruwa bai kai can ba, tsuntsun ya koma bayan wancan tudu. Kafin su dawo gaɓa ya ji cewa rashin ruwan da ya kori agwagin shi ne ya hana tarwaɗa hayayyafa, shi ne ya bar shinkafar mai kwalekwalen a bushe, shi ne kuma ya sa shanu suka matso gonaki kafin a kwashe amfani. Babu shingen da zai dawo da tsuntsun muddin ruwan bai dawo ba, ruwan kuma ana yanke hukuncinsa ne ɗaruruwan kilomita daga nan. Ashe muradin mai ƙidayar da na mai tuƙin ɗaya ne.

Sai aikin ya sauya kama. Aka koma auna hawan ruwa da faɗin ambaliya shekara-shekara, da lissafin kifi da buhunan shinkafa da kayan itace. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da har yanzu ake karantarwa a jami'o'in duniya: kowane kubik mita 1,000 na ruwan da ya isa fadama yana samar da amfanin da ya kai aƙalla dala 32 ta noma da su da itace, yayin da irin wannan ruwa a ban ruwan zamani na saman kogi bai kai dala 1 ba. Ana iya muhawara kan alƙaluman, an kuma yi. Amma daga ranar, masanin muhalli ya samu harshen da zai yi magana da injiniyan ruwa da mai tsara kasafi, ba tare da ya roƙe su su tausaya wa agwagwa ba. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, na farko a Najeriya.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne irin ma'aikacin da wurin ya ƙera. Dole ya san tsuntsu da sunansa na kimiyya da na gida. Dole ya iya karanta sandar awon ruwa. Dole ya iya zama a ƙofar bulama ko lawani, arɗo na gefe guda, sarkin ruwa na ɗaya gefen, ya saurari ƙorafin awa uku bai ɗaga murya ba. Masu zuwa aikin ma sun fara fitowa daga wasu ƙofofi, daga sashen labarin ƙasa, daga aikin gona, daga nazarin tattalin arziki, wasu kuma 'ya'yan masunta ne da suka fara da riƙe jaka. Da ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa daga shekarun 1990, ta toshe mashigai, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye hatsi, irin waɗannan mutane ne suka iya haɗa ƙauyuka aikin gayyar yanke ta.

An ga makamancin haka a wasu wurare. A Kure ta Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996, suka haura 600 bayan shekara ashirin da 'yan kai, a cikin gonakin gero da wake, ba shinge, 'yan jagora daga ƙauyukan wurin suna bambance kowanne da zanen fatarsa. A Laminga kusa da Jos, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis ta fara horar da masu digiri na biyu a farkon shekarun 2000, a cikin dajin Amurum, ɗalibi da mutumin gari suna fita tare da asuba.

To ina waɗannan mutane a muhawarar yau? Nan ne gizo ke saƙar. Irin wannan aiki ya rayu ne da kuɗin shiri, na shekara uku ko biyar, daga masu ba da tallafi na waje. Idan wa'adi ya cika, mota ta tsaya, alawus ya yanke, littafin awon ruwa ya shiga kabad. Mai digirin yakan koma koyarwa ko rubuta rahoton tasirin ayyuka ga muhalli, wani ya tafi ƙaro karatu waje ya zauna can. Ɗan gari da ya san tafki arba'in da sunayensu ba shi da takardar da za ta sa a ɗauke shi aikin dindindin, sai ya koma komarsa. Tsanin aikin da aka gada tun zamanin malamin daji yana da matakin mai kaki da matakin mai ofis, na tsakiyar nan kuwa ba a taɓa sassaƙa masa mataki ba. Ga rashin tsaro ya zo ya ƙara: a harin Agustan 2020 a Kure, cikin mutum 8 da aka kashe har da shugaban 'yan jagoran raƙuman.

A 2020 an amince da ƙarin wuraren shaƙatawa na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore da fadamar Baturiya ta Haɗeja. Falgore na buƙatar masu sintiri da makami, babu musu. Baturiya kuwa, inda gonaki da mashayar shanu suka rungume ruwan ta ko'ina, babban aikin da ke jiran duk wanda aka tura shi ne sanin ranar da za a saki ruwa daga sama, da wanda zai sanar da masu shinkafa kafin ya iso.